Wanda Aka Ɓata wa Shi Ya Fara Takowa: Ma'anar Sulhu a Helenancin Sabon Alkawari

Littattafai 27 na Sabon Alkawari an rubuta su ne da Helenanci, irin wanda fatake da ma'aikatan jiragen ruwa da sojoji suke yi a gabashin Bahar Rum tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma. A cikin wannan harshe, kalmar da Kiristoci masu jin Hausa suke karantawa da “sulhu” ita ce katallage, aikatau ɗinta kuma katallasso. Wanda ya saba jin wa'azi a kan sulhu tsakanin Allah da mutum zai zaci kalmar ta cika littafin. Gaskiyar lamari sau 10 kacal ta fito: aikatau sau 6, suna sau 4, kuma dukansu a wasiƙun Bulus, wato Romawa sura 5 da 11, 1 Korintiyawa sura 7, da 2 Korintiyawa sura 5. Akwai kuma wata ’yar uwarta mai ƙarin ƙarfi, apokatallasso, wadda ta fito sau 3 a wasiƙun Afisawa da Kolosiyawa, ba a kuma same ta a rubutun kowa ba kafin waɗannan wasiƙu.

Kalmar da ba ta da yawa haka, amma aka ɗora mata nauyin koyarwa mai girma, ta cancanci a bi sawunta daga inda ta taso. Me Bahelene yake ji in an ambace ta? Me Bayahude mai jin Helenanci yake nufi da ita? Me kuma Bulus ya sauya da ta shiga hannunsa?

Daga teburin canji zuwa zauren sasantawa

Tushen kalmar shi ne allos, wato “wani dabam”. Daga nan aka sami allasso, sauya abu ya zama wani, ko musanya shi da wani. Da aka ƙara kata a gaba sai aka sami katallasso, wadda Helenawa suka yi amfani da ita a harkar canjin kuɗi, domin kowane birni yana buga tsabarsa, kuma baƙo ba ya ciniki sai ya tsaya wurin mai canji. Masu wa'azi da yawa suna son tsayawa a nan, su ce ai sulhu ciniki ne, an ba da wannan an karɓi wancan. Sai dai masanin harshe James Barr ya ja kunnen masu tafsiri tun 1961 cewa tushen kalma ba shi ne ma'anarta ba. Ma'ana tana wurin yadda masu harshen suke amfani da ita a zamanin da ake magana. Ɗaruruwan shekaru kafin Bulus, katallasso ta riga ta zama kalmar da ake faɗa in an sauya gaba ta koma zumunci.

Marubucin tarihi Herodotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, ya ba da misalai masu kyau. Birnin Militus ya yi tsara biyu cikin rikicin cikin gida, har mutanen garin suka gaji suka zaɓi mutanen tsibirin Faros su zo su shiga tsakani. Baƙin suka zagaya ƙasar suka tarar ta lalace, amma duk inda suka ga gonar da ke samun kulawa sai su rubuta sunan mai ita. Da suka dawo cikin gari sai suka miƙa ragamar mulki ga waɗannan mutane, bisa hujjar cewa wanda ya iya riƙe nasa zai iya riƙe na jama'a. Aikatau ɗin da Herodotus ya sa wa wannan aiki shi ne katallasso. Da shi kuma ya bayyana shawarar da biranen Helenawa suka yanke gab da zuwan rundunar Farisa a shekara ta 480, cewa su ajiye yaƙe-yaƙen da ke tsakaninsu, musamman wanda ake yi tsakanin Atina da Egina.

A Atina ma, a shekara ta 403, bayan an kifar da azzaluman shugabanni 30 da suka zubar da jinin ’yan garinsu, ɓangarorin biyu suka daidaita, suka yi rantsuwar cewa ba za a riƙa tono laifin baya ba, in ban da na shugabannin zaluncin. Wannan yarjejeniya an san ta da sunan diallagai, wadda dangi ce ta jini ga kalmarmu.

Abubuwa uku suka fito daga waɗannan labarai. Akwai gaba ta gaske, wadda kowa ya san da ita. Akwai masu shiga tsakani ko jakadu. Akwai kuma zaman tare bayan an gama, domin mutanen Militus da na Atina ba su da wani garin da za su koma. Dole su ci kasuwa ɗaya. Saboda haka katallage ta wuce tsagaita wuta, ta kuma wuce yafiyar da mutum zai yi a zuciyarsa shi kaɗai. Mutum ɗaya yana iya yafewa, amma sulhu sai da mutum biyu.

A rayuwar gida ma haka kalmar take. A 1 Korintiyawa 7:11 Bulus ya yi amfani da ita a kan matar da ta rabu da mijinta, ya ce ta zauna ba aure ko kuwa su shirya. Bahaushe ya san wannan hali da sunan yaji da biko, ya kuma san cewa bisa al'ada wanda ya yi laifi shi ne ke ɗaukar ƙafa ya tafi gidan surukai. Wannan ƙa'ida ta “mai laifi shi ke zuwa” ita ce mabuɗin fahimtar abin da Bulus ya yi da kalmar.

Yadda Yahudawa suka ɗauke ta

A fassarar Helenanci ta littattafan Ibrananci, wadda aka fara a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, da wuya ka ci karo da katallage. Inda ta fito fili a kan dangantakar Allah da bayinsa shi ne littafin 2 Makabiyawa, wanda ɗarikun Katolika da Otodoks suke lissafawa cikin Littafi Mai Tsarki, yawancin Furotesta kuwa ba sa lissafawa. Littafin yana ba da labarin tsanantawar da sarki Antiyokus na 4 ya yi wa Yahudawa wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ya ƙazantar da Haikali ya kuma tilasta musu karya dokokin addininsu. A sura ta 7 akwai uwa da ’ya'yanta maza 7 da aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Autansu, kafin ya mutu, ya bayyana imaninsa cewa fushin Allah a kan jama'arsa na ɗan lokaci ne, kuma zai sāke shiryawa da bayinsa. A sura ta 8 ma mayaƙan Yahuda Makabi sun yi addu'a suna neman haka.

A duk waɗannan wurare tsarin ɗaya ne. Jama'a sun yi laifi, Allah ya yi fushi, sai jama'a su yi addu'a da tuba da haƙurin wahala domin ya huce. Mutane ne suke nema, Allah ne ake shawo kansa. Wannan tsari bai saɓa wa hankalin kowa ba, domin shi ne abin da ake gani a fada da gida da kasuwa.

Inda Bulus ya juya nahawu

A 2 Korintiyawa 5:18 zuwa 20, da Romawa 5:10 da 11, Bulus ya ɗauki kalmar ya juya ta. Allah ne mai aikata sulhun, mutane ne ake sulhuntawa. Ko sau ɗaya bai ce an sulhunta Allah da mutane ba. A Romawa ya ƙara da cewa abin ya faru ne tun mutanen suna maƙiya, kafin su nemi komai, ta wurin mutuwar Almasihu, kuma abin da ya rage musu shi ne su karɓa. Masanin Helenanci Stanley Porter, wanda ya bi diddigin kalmar cikin adabin Helenawa ya wallafa bincikensa a 1994, ya kai ga cewa Bulus ne na farko da aka samu ya yi amfani da wannan aikatau ta yadda wanda aka yi wa laifi shi ne mai ɗaukar matakin shiryawa da kansa.

Kalmomi biyu da ke kewaye da ita a 2 Korintiyawa suna ƙara haske. Ta farko kalmar lissafi ce, irin ta mai riƙe da littafin bashi: Bulus ya ce Allah bai ƙidaya wa mutane laifofinsu ba. Wanda ya san rantsuwar mutanen Atina zai gane wannan harshe nan take. Ba a ce laifin bai faru ba. An ce ba za a neme shi a hannun mai laifin ba. Ta biyu ita ce presbeuo, aikin jakada. Bulus ya kira kansa da abokan aikinsa jakadu. A duniyar Rum, birnin da aka ci da yaƙi ko wanda ya ɓata wa Kaisar rai shi ne ke tura jakadu su je su roƙi afuwa. A wurin Bulus kuwa mai iko ne ya turo jakada zuwa ga ’yan tawaye, jakadan kuma roƙo yake yi, yana cewa su yarda a shirya da su. Masanin Afirka ta Kudu Cilliers Breytenbach, a littafinsa na 1989, ya nuna cewa daga wannan fage na hulɗar jakadanci da sasanta birane Bulus ya ɗebo harshensa.

Me ya kai shi ga wannan tunani? Wasu masana, irin su Seyoon Kim, suna ganin amsar tana cikin tarihin rayuwarsa. Mutum ne da ya tsananta wa mabiyan Yesu, ya kama hanyar Dimashƙu da takardun kame a hannu, kuma bisa ga shaidarsa a wannan hanya aka kira shi, bai tuba ba tukuna, bai nemi kowa ba. Wanda aka yi wa haka ba zai rasa sanin wa ya fara ba.

Akwai kuma halin da ya rubuta wasiƙar a ciki. Korinti birni ne da Romawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyus Kaisar ya sāke kafa shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Bulus ya zauna a can wata 18 ya kafa ikilisiya, zamanin da Galiyo yake gwamna, wajen shekara ta 51 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu. Daga baya tsakaninsa da su ya yi tsami. Ya kai musu wata ziyara mai ɗaci, wani daga cikinsu ya ci mutuncinsa, ya aika musu da wasiƙar da ya ce da hawaye ya rubuta, ya tura abokin aikinsa Titus ya gano yadda suka karɓe ta. Wajen shekara ta 55 ko 56, daga Makidoniya, ya rubuta 2 Korintiyawa. A cikinta ya roƙe su su yafe wa mutumin da ya yi laifin, su ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi, sa'an nan ya roƙe su su buɗe masa zuciya kamar yadda shi ya buɗe musu. Koyarwar sulhu ta fito ne daga bakin mutumin da aka ɓata wa, yana tsakiyar neman shiri da waɗanda suka ɓata masa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma wasiƙar ta nuna Bulus ya san haka.

Sulhu dabam, kaffara dabam

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa katallage da kalmomin hadaya. Helenanci yana da wani dangin kalmomi dabam, hilasmos da hilasterion, da ake samu a Romawa 3:25 da wasiƙar Yahaya ta farko, waɗanda suke fassara kalmar Ibrananci kipper, ’yar uwar “kaffara” da Hausa ta aro daga Larabci. Waɗannan na bagade ne da jini da ranar kaffara. Katallage kuwa ta fada ce da gida da filin daga. Abin da ya ƙara cuɗa su a ƙasashen masu Turanci shi ne fassarar Sarki James ta 1611, wadda ta sa wa katallage a Romawa 5:11 wata kalmar da a lokacin take nufin haɗa kan waɗanda suka rabu, amma daga baya ma'anarta ta karkata zuwa kankare zunubi. Hausa ta tsira daga wannan ruɗani, domin tana da sulhu a gefe guda, kaffara da fansa da gafara a wani gefen. Kalmar sulhu ma tana ɗauke da fage biyun da ta Helenanci take da su: ita ake faɗa a kan yarjejeniyar Hudaibiyya ta shekara ta 628, ita ce kuma ta zo a Suratun Nisa'i a kan daidaita miji da mata.

Bambanta su ba raba su ba ne. A wurin Bulus sulhun ya samu ne ta wurin gicciye, kuma aya ta ƙarshe ta 2 Korintiyawa 5 tana magana ne a kan marar zunubi da ya ɗauki matsayin masu zunubi. A nan ne koyarwar Kirista ta rabu da ta Musulunci da ta Yahudanci, waɗanda suke koyar da cewa Allah yana gafarta wa mai tuba ba tare da mutuwar wani ba. Mai karatu na kowane addini yana da haƙƙin a faɗa masa wannan a fili. Abin da Bulus yake cewa shi ne rashin ƙidaya laifi yana da tsada, kuma wanda aka yi wa laifin shi ne ya biya.

Ko tsakanin Kiristoci akwai muhawara a kan wa ke gaba da wa. Wasu, bisa layin C. H. Dodd, suna cewa ƙiyayyar daga ɓangaren mutum kaɗai take, tun da Allah ba ya bukatar a lallashe shi. Wasu, irin su Leon Morris, suna nuna cewa ayar da ta gabaci maganar sulhu a Romawa 5 tana ambaton fushin Allah, don haka akwai abin da aka kawar daga ɓangarensa ma. A ganina nassin ya riƙe duka biyun. Fushin gaske ne, domin Allahn da zalunci ba ya damunsa ba abin dogara ba ne ga wanda aka zalunta. Amma ba wani daga waje ne ya kwantar da fushin ba. Ƙaunar mai fushin ce ta riga komai.

Katanga da dukan halitta

A wasiƙar Afisawa, wadda masana suke muhawara ko Bulus ne ya rubuta ta da hannunsa ko almajirinsa, kalmar ta sami sabon fage: Yahudawa da sauran al'ummai. An yi maganar katangar da ta raba su. A Haikalin Urushalima akwai shingen dutse da baƙo ba ya ƙetarewa, da allunan gargaɗi cewa wanda ya ƙetare alhakin mutuwarsa yana wuyansa. Charles Clermont-Ganneau ya gano ɗaya daga cikin allunan a 1871, allon kuma yana gidan tarihi a Istanbul. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce zargin shigar da wani mutumin Afisa cikin Haikali shi ne ya jawo aka kama Bulus. Afisawa 2:16 tana cewa ɓangarorin biyu an sulhunta su da Allah a cikin jiki ɗaya. Ba a ba kowa hanyarsa dabam ba. A ƙofa ɗaya za su shiga, kafaɗa da kafaɗa.

Kolosiyawa 1:20 ta faɗaɗa abin har ya game dukan abin da ke sama da ƙasa. Daga nan wasu suka fahimci cewa a ƙarshe kowa zai tsira. Wasu suka amsa da cewa wasiƙar da kanta, ayoyi kaɗan bayan haka, ta gindaya sharaɗin tsayawa cikin bangaskiya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne marubucin bai ɗauki sulhu a matsayin al'amarin zuciya kaɗai ba.

Kada a mai da ita takunkumi

Kalma mai kyau tana da haɗari a bakin azzalumi. A 1985, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, wasu malaman Kirista na Afirka ta Kudu suka fitar da takardar da aka sani da Kairos, inda suka soki shugabannin ikilisiya masu kiran sulhu tsakanin mai danniya da wanda ake dannewa ba tare da maganar adalci ko tuba ba. Sukarsu tana da gindi a cikin nassi. Sulhun da Bulus ya bayyana yana kiran laifi da sunansa, kuma kyauta ce daga mai cikakken iko. Ba a ƙwace shi daga hannun marar ƙarfi. Wanda ya tilasta wa matar da ake duka ta koma ɗakinta, ko ya ce wa wanda aka cinye wa gado ya yi shiru don a zauna lafiya, ba shi da mafaka a wannan kalma.

Sabon Alkawari bai kuma bar mai laifi ya miƙe ƙafa yana jira a zo masa ba. A Matiyu 5:24, da wata kalmar daga wannan dangi, diallasso, Yesu ya umarci wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa ya ajiye baikonsa a gaban bagade, ya je su shirya tukuna. A sura ta 18 kuwa wanda aka yi wa laifi aka ce ya je. Ta kowane ɓangare ka tsaya, an ce ka tashi. Ba wanda aka ba izinin cewa sai shi ya fara.

Bulus ya nuna yadda abin yake a aikace. Da ya mayar da bawa Unisimas ga ubangidansa Filimon, ya nemi a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, ya kuma ce in akwai bashi a rubuta a kansa shi Bulus zai biya. A 2 Korintiyawa ɗin nan, surori kaɗan bayan maganar jakadanci, ya shiga batun gudummawar da ikilisiyoyin al'ummai suke tarawa domin matalautan Yahudawa masu bi a Urushalima. Ya shafe shekaru yana tara kuɗin daga Galatiya da Makidoniya da Akaya, kuma a ƙarshen wasiƙarsa ga Romawa ya nemi a yi masa addu'a, domin yana fargabar abin da zai same shi a Yahudiya, yana kuma fatan a karɓi baikon. Duk da haka ya tafi da ƙafarsa, wajen shekara ta 57, kuma a can aka kama shi. Duk mai ɗaukar kalmar sulhu a bakinsa, malami ne ko sarki ko dattijon unguwa, ya dace a yi masa tambayoyin da wannan tarihi ya haifar: an faɗi laifin da sunansa? Wa ya ɗauki asarar, kuma da yardarsa ya ɗauka? Bayan an watse daga zaman, mutanen biyu za su iya cin abinci a kwano ɗaya? In amsoshin ba su samu ba, abin da aka yi yana iya zama tsagaitawa mai amfani, amma bai kai katallage ba tukuna.